Tambayar ɗan kasuwa: idan na zuba jari a fim, ta ina kuɗina zai dawo?

Wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya aiko da wannan: "Wani furodusa ya nemi in saka naira miliyan biyar a fim ɗinsa, ya ce idan fim ya shiga kasuwa za mu raba riba biyu. Na san a zamanin kaset da faifai an yi arziki da harkar nan. Yanzu da faifai ya mutu, ta ina kuɗin ke shigowa, kuma me zan duba kafin in saki kuɗina?"

Alhaji, kalmar da za ka riƙe a maganar furodusan nan ita ce "kasuwa". Tambaye shi wace kasuwa yake nufi. Turmin atamfa sau ɗaya kake sayar da shi ku rabu. Shi fim ana sayar da guda ɗaya sau huɗu ko biyar, ga masu saye daban-daban, bi da bi, kuma a kowane zagaye kuɗin na shiga aljihun wanda haƙƙin mallaka ke hannunsa.

A kan wannan tsari manyan kamfanonin Amurka suka yi ƙiba. Suna farawa da sinima, inda masu gidan ke riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Sai sayarwa da haya don kallo a gida, sai tashoshin biya, a ƙarshe talabijin na kowa da kowa. Shekara da shekaru tazarar sinima da faifai wajen kwana 90 ce. Annobar korona ta 2020 ta matse ta zuwa kwana 45 a wurin da yawansu, har Universal ta daidaita da gidajen sinima na AMC a kan kwana 17. Dabarar ita ce talla mai tsada sau ɗaya ake yin ta, lokacin sinima, sai faifai ya zo ya ci gajiyarta. Buga DVD kuwa bai cin komai idan ka gwada da farashin sayarwa, shi ya sa fim kan faɗi a sinima ya farfaɗo a faifai. Abin dariya, Universal da Disney sun taɓa kai Sony ƙara saboda na'urar bidiyo ta gida, suka sha kaye a Kotun Ƙolin Amurka a 1984, sai ga na'urar ta zama saniyar tatsarsu.

Namu na Kano daban ne, don fim ɗin Hausa a kaset aka haife shi, tun Turmin Danya a 1990. Babu zagayen farko balle na biyu, kaset shi ne komai. Furodusa zai miƙa masta, wato asalin kwafin fim ɗin, ga 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, ya buga kwali, su sayi kwalin, su kwafi kaset da kansu su zura a ciki. Ribarsa iya yawan kwalin da ya sayar. Nan ne ɓarakar take: da yawa sai su karɓi kwali bashi, "sai an sayar", wani kuma ya kwafa ya sayar ba kwali, ko ya buga na jabu. Wanda ke riƙe da injin kwafa da hanyar rarrabawa zuwa Kaduna, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram shi ya fi cin moriya. Arzikin da ka ji labari, galibinsa a nan ya tsaya.

Amma 'yan harkar na wancan zamani sun iya talla, a ba su wannan. Kaset ɗin waƙoƙin fim kan riga fim ɗin fita, a yi ta jin sa a motocin haya da teburin mai shayi har mutane su ƙagu. A saka tallar sabon fim a farkon wanda ke ci a kasuwa, a manna fosta, a ɗora fuskar jarumin da ake yayi a kan kwali, a saki fim da Sallah lokacin da kowa ke da ɗan canji. Sannan a yanke labari daidai inda ya yi daɗi, a ce sai kashi na biyu. Katin memori da 'yan dawunlodin, waɗanda ke tura fim a waya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su suka rushe wannan, fassarar Indiya-Hausa ta ƙarasa.

Yau ƙofofin su ne sinima, wadda gidajenta ƙalilan ne; tashoshi irin su Arewa24, da ta fara a 2014, da Africa Magic Hausa; manhajojin biya irin su Northflix; sai YouTube. Jerin yana da muhimmanci ƙwarai. Ranar da fim ya hau YouTube ya zama na kowa, kafin magariba yana cikin wayoyi, kuma tasha ba za ta saye shi da daraja ba. Don haka YouTube ne na ƙarshe, sai dai idan tun farko shiri ne mai dogon zango da aka tsara dominsa.

Tunda zai yi wuya furodusanka bai ambaci YouTube ba, ga yadda kuɗinsa yake. Kafin tashar YouTube ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu. Mai tasha na karɓar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla, kuma ba a biya sai ya kai dala 100. Bidiyon da ya kai minti takwas ana iya saka masa talla a tsakiya. Abin da ake biya a kan kallo dubu ya danganta da ƙasar mai kallo, na Najeriya da Nijar ya yi ƙasa da na Turai nesa ba kusa ba. Ɗauki misali kawai: a ce dala ɗaya ce a kallo dubu, kallo miliyan ɗaya dala dubu ke nan. Juya ta naira, ka ga kallo nawa ake bukata kafin miliyan biyar ɗinka ta dawo. Kada ka yarda da adadin kallon da ke ƙasan bidiyo. Ka ce ya buɗe maka YouTube Studio, shafin da mai tasha ke ganin lissafin kuɗinsa, a gabanka, ka ga kuɗin da ya shiga wata shida baya da idonka. Idan ya fara kame-kame, ka samu amsa.

Sai maganar "raba riba biyu", wadda ita ce tarkon da ya fi kama masu jari, har a Amurka. Riba ita ce abin da ya rage bayan an cire kashe-kashe, kuma mai rubuta kashe-kashen shi ne furodusa. Kuɗin mai, kuɗin otal, ladan kansa na darakta, duk za su shiga, a ce maka ba a ci riba ba tukuna. A rubuta cewa duk kuɗin da ya fara shigowa, daga kowace ƙofa, naka ne har uwar kuɗinka ta cika, sannan a fara rabo. Ya kasance asusu ɗaya ne da ba a cire kuɗi sai da sa hannunku biyu. A rubuta kuma a tashar YouTube ta wa za a ɗora fim ɗin, domin idan tashar furodusa ce, mabiyan da kuɗinka ya jawo nasa ne har abada.

In tashar talabijin ta zo saye, ku ba ta haya: shekara kaza, ƙasashe kaza, da bayanin ko ita kaɗai za ta nuna. Sayarwa ɗungurungum na kawo kuɗi a hannu yau, amma ya rufe duk ƙofofin da ke gaba.

Waƙa ma a sa ido. Idan mawaƙi ya riga ya yi wa waƙarsa rajista da kamfanin rarrabawa, na'urar YouTube za ta gano ta a cikin fim ɗinku ta karkatar da kuɗin tallan zuwa gare shi. A karɓi takardar izininsa tun kafin a ɗauki hoto. Haka takardar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, da ta ƙasa idan za a shiga sinima. Rashinsu na iya tsayar da fim bayan an gama kashe kuɗi.

Kada ka ba da miliyan biyar ɗin a dunƙule. Kashi ɗaya idan an kammala labari an sa hannu da jarumai, kashi ɗaya ranar fita lokeshan, na ƙarshe sai ka kalli fim ɗin bayan an gama haɗa shi. Ka ware na talla a hannunka, don an saba cinye shi a lokeshan, fim ya fito shiru. A yarjejeniyar jarumai a saka cewa za su tallata shi a shafukansu na Instagram da TikTok, sau nawa kuma a wane mako, domin yanzu su ne fosta.

Kai kuma kana da abin da sauran masu jari ba su da shi. Atamfarka za ta iya zama kayan da jarumai mata za su saka, a nuna shagonka a fitowa ɗaya ko biyu, a saka lambarsa a ƙarshen kowane kashi. A yi wa wannan farashi daban a rubuce, kamar yadda za a caji kowane mai talla. Kwafin masta kuma, wanda babu tambarin kowace tasha a kai, a ajiye shi a ma'ajiya biyu, ɗaya a hannunka.