Ki bar su su yi ɓuya, amma ke za ki yanke musu iyaka

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaranki sun matsa miki sai kin bar su sun fita wasan ɓuya da 'ya'yan maƙwabta bayan isha'i, ke kuma hankalinki bai kwanta ba, kina tambaya ko ki hana. Ni dai a ganina kada ki hana.

A ƙauyenmu na ƙasar Katsina ɓuya wasan farin wata ne. Mai nema zai kifa fuskarsa a jikin darbejiyar ƙofar gida yana cewa "In zo?", ana amsa masa da "A'a!", har sai ya ji shiru. Wanda ya sulale ya taɓa bishiyar kafin a cafke shi ya sha, wanda aka fara kamawa shi zai rufe ido. Yaro mai rawar kai, wanda malam ya gaji da zaunar da shi a makarantar allo, sai ki gan shi ya lafe a bayan turmi, sauro na cizonsa amma ko motsi ba ya yi. A nan yake koyon haƙuri da kasa kunne, tsoron duhu ma ya ragu. Wallahi waya ba za ta koya masa wannan ba.

Amma tsoronki yana kan hanya. Mu a da abin da ake ja mana kunne a kai shi ne kunama a cikin tarin kara, maciji a ƙarƙashin rumbu, da rijiyar da ba murfi. A birni kuwa maɓoyar ta canja, kuma ta fi haɗari. Mota ce kan gaba. A Disamban 2021 an tsinci gawar yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na jihar Legas, Allah ya kiyaye mu. Mota in aka rufe ta a rana, cikin minti 10 zafinta kan ƙaru da kusan digiri 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Ki tuna yadda Kano take a watan Afrilu. Ko da dare ne, ƙaramin yaro in ya ja ƙofa ko but ya rufu, ba lallai ya iya buɗewa ba, kukansa kuma ba ya fitowa waje. Don haka maigida ya riƙa kulle mota ko a cikin gida take, makullin ya yi nesa da hannunsu. Haka tsohuwar firiza da aka jingine a tsakar gida: a cire mata murfi ko a ɗaure ta tamau. Kango, tankin ruwa da bakin masai duk ki ce musu babu.

Da rana za ki zagaya da su ki nuna musu da yatsa: daga zauren nan zuwa katangar can, ba a tsallaka titi, ba a shiga gidan da ba a sani ba, ba a shiga abin da yake rufuwa. Wanda bai kai shekara biyar ba ya ɓuya tare da yayarsa. Ke ko wata babba ku shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kuna hira kuna jin muryoyinsu.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne yadda ake tashi daga wasan. Ƙanina ya taɓa shigewa bayan buhunan gyaɗa a zaure, barci ya kwashe shi, yara suka watse kowa yana zaton ya riga ya tafi gida. Sai da maza suka fito da cocila, aka leƙa har rijiya, innarmu tana salati tana kuka, kafin aka hango ƙafarsa. Tun daga ranar aka kafa doka a gidanmu: in za a tashi, babban cikinsu ya ɗaga murya ya ce "An tashi, kowa ya fito!", a kira sunan kowa ya amsa. In ɗaya bai amsa ba, babu mai tafiya, nan take a sanar da manya. Nawa yaran ma a kan wannan dokar suke yi, ƙarfe tara kuma kowa yana ɗaki.

Allah ya raya mana su, ya tsare.