Wata uku ina rawa a ɗaki, amma ƙibar ba ta tafi ba

Assalamu alaikum Inna. Shekaruna 24, ina zaune gidan iyayena a Mabera, nan Sakkwato. Lokacin da na gama jami'a nauyina kilo 63 ne, yanzu shekara biyu da fara aikin ofis na kai kilo 78, tsawona kuma mita 1.60. Ɗinkin sallar bara duk ya matse ni. Wata uku ke nan kullum bayan isha'i nakan rufe ɗaki, in toshe kunne da iyafis, in ƙure sauti, in yi rawa har in jiƙe sharkaf. Na daina karin kumallo, ina kuma shan shayin rage ƙiba da ƙawata ta kawo min. Makon farko kilo 3 ya zube, daga baya ya dawo. Yanzu jiri nake gani da rana, in na kwanta kuma kunnena na ƙara kamar kukan sauro. Mahaifiyata ba ta son kiɗan, ba kuma za ta bar ni in fita gudu a titi ba. Ina ne nake kuskure?

Ɗiyarki daga Mabera

Wa alaikumus salam ɗiyata. Shayin nan shi za ki fara ajiyewa, yau ɗin nan. Yawancin irinsa akwai ganyen filasko mai sa gudawa ko wani abin sa fitsari a ciki. Kilo 3 da kika gani ya tafi ruwa ne da abin da ke cikin hanji, ba kitse ba, shi ya sa ya dawo da kika ci kika sha. Gudawar kuma tana kwashe gishirin jiki, musamman fotasiyam. A garin da zafi ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ga rashin karyawa, ba mamaki ki riƙa ganin jiri.

Ga lissafinki. Idan aka raba kilo 78 da tsawonki sau kansa (1.60 sau 1.60), ana samun 30.5, wato kin ɗan haura layin da likitoci ke kira ƙiba. Kada ki sa ido kan 63 tukuna. Ki nufi sauke kilo 4 zuwa 8 cikin wata shida. Kwatan kilo a mako ya isa, kuma shi ne mai zama. Ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki daidai cibiya, da safe, sau ɗaya a mako. Burinki ya koma ƙasa da rabin tsawonki, santimita 80. Sikeli kan yi wasa da hankali, musamman gab da al'ada lokacin da jiki ke riƙe ruwa.

Rawar taki ba laifinta ba ne, an dai ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Minti 30 na rawa mai ƙarfi na ƙona kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kamar 200 ga mai nauyinki. Lemon roba ɗaya mai santilita 50 na ɗauke da kalori kusan 210, da sukari kamar ƙaramin cokali 13. Kin ga kwalba ɗaya a ofis ta cinye gumin daren jiya. Haka zoɓo da kunun aya na saye, haka fura in an dama ta da sukari cokali huɗu. Ki sha furarki, amma rabin dunƙule, nono ya fi yawa, sukari cokali ɗaya ko babu. Man da ake zubawa a shinkafa da wake kuwa, babban cokali ɗaya kalori 120 ne, kuma mutane da yawa uku suke kwararawa ba tare da sun lura ba. Ki riƙa aunawa da cokali, ba daga bakin gora ba.

Ki dawo da karin kumallo: ƙwai biyu dafaffu, ko alala, ko ƙosai uku da kunu marar sukari sosai. Mai tsallake na safe ita ce ke afka wa tuwo malmala biyu da dare. A faranti, rabi ya zama ganye, kwaɗon zogale ko rama ko kabeji, kwata wake ko kifi ko nama, kwata tuwo ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannunki.

Sai kiɗan. Amfaninsa shi ne ya riƙe miki saurin taku ya kuma mantar da ke gajiya. Ki ƙirga bugun ganga na daƙiƙa 15, ki ninka sau huɗu. Bugu 90 zuwa 100 a minti na ɗumama jiki ne, minti biyar na farko. 120 zuwa 140 na tsakiyar aiki. Ki rufe da mai sanyi. Alamar kin kai daidai ita ce ki iya magana amma ba ki iya rera waƙar. Minti 30 sau biyar a mako ya ba ki minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Kwana biyu a ciki ki ƙara aikin tsoka: tsallen kwaɗo ba dole ba, ki zauna kan kujera ki tashi sau 12, ki tura bango sau 12, ki ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu, zagaye uku. Ki sa takalmi ko ki shimfiɗa tabarma, siminti tsirara yana cin gwiwa. Rawa dab da kwanciya kuma tana hana wasu barci, ƙarancin barci yana buɗe ciki. In za ta yiwu, ki mayar da ita bayan asuba, iska ma ta fi sanyi.

Ƙarar da kike ji a kunne gargaɗi ne, kuma ita ta fi damuna. Ƙananan ƙwayoyin ji na cikin kunne in suka mutu ba sa sake fitowa. Kada sautin ya wuce kashi 60 cikin 100, ki cire iyafis bayan awa ɗaya. In wanda ke tsaye kusa da ke yana jin waƙar, ta yi yawa. Ki huta da shi mako biyu. In ƙarar ba ta lafa ba, ki ga likitan kunne a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Game da mahaifiyarki, ban ga abin jayayya ba. Ƙiba ba ta san da kiɗa aka kore ta ko da shiru ba. Taku 100 a minti shi ne tafiya mai sauri, kuma tsakar gida ta isa a yi shi, kina sauraren karatu ko kina ƙirga da baki. Ki ma ja ta ku zaga tare bayan sallar asuba.

Idan al'adarki ta rikice, ko gashi na fito miki a haɓa, ko kina shan wani magani kullum, ki faɗa wa likita a duba sinadaran jikinki da sukari da hawan jini kafin ki ƙara matsa wa kanki.

Inna