Kuskuren bugu ne ko dai wahala ta sha?

Malam na ga hoton kwandalar da ka saka, gefenta a gutsure, rubutun kuma kamar ya fito biyu, kana tambaya ko kuskuren gidan buga kuɗi ne. Toh ni dai na daɗe ina tara tsabar nan kuma na sha ƙonewa, abin da nake fara tambayar kaina shi ne, shin injin bugu zai iya yin wannan da kansa?

Gutsuren tukuna. In tun a masana'anta aka yanko faifan ƙarfen ba daidai ba, duba ɗaya ɓarin da ke kallon gutsuren, galibi za ka ga bakin wajen ya ɗan kwanta bai tashi sosai ba, saboda injin da ke tada baki bai samu abin tokara ba, kuma rubutun da ke kusa da gutsuren yakan dusashe a hankali. In ko zarto ko almakashi aka sa, wajen zai yi kaifi yana ƙyalli. A hotonka ɗaya ɓarin ƙalau yake, shi ya sa gaskiya jikina bai ba ni ba.

Maganar rubutu biyu nan ne ake yawan ruɗewa. Na gaske daga hatimin bugun yake, wato ƙarfen da ke danna zane da rubutu a jikin kwandala, duk kwandalar da hatimin ya buga haka za ta fito, haruffan biyun duk a kumbure, ƙarshensu a rabe. Nemi hoton santin Amurka (ƙaramar kwandalarsu, cent) na 1955 ka gani, ko ba gilashin ƙara girma shekarar a fili take biyu. Amma in na biyun ya kwanta shafal kamar matakala ya ci jikin harafin, hatimin ne kawai ya goce wajen bugu, wannan kam ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Haka in layi ka gani a jikin kwandala, tsagewar hatimi tasowa take sama, ƙarzuwa kuwa nutsewa take ciki.

Ka nemi ƙaramin sikeli da mayen ƙarfe, wallahi suna tsare mutum. A 1943 Amurka da baƙin ƙarfe ta buga santi saboda yaƙi na cin tagulla, 'yan ƙalilan ne suka kuɓuce da tagulla, sai 'yan damfara suka riƙa shafa wa na ƙarfen jan launi, wasu ma su kankare 8 ɗin 1948 ta koma 3. Na tagulla giram 3.11 ne kuma maye ba ya kama shi, na ƙarfe 2.7. Ni kaina an taɓa sayar min da wata siririya wai faifan wata kwandalar aka buga ta a kai, ashe asid aka tsoma ta, fuskarta duk ta yi gautsi-gautsi amma ɗoki ya rufe min ido.

Don Allah kar ka wanke ta ko ka goge, sheda kake sharewa. Auna ta, ka ɗauko mana hoton bakinta ta gefe cikin hasken rana mu sake dubawa.