Amsa ga mai tambaya: a je kallon 'yan barkwancin talabijin a dandali?

Ƙanena, na ga tambayarka: 'yan barkwancin da muke kallo a talabijin za su zo Garwa su yi wasa a gaban jama'a, kana tsoron kada ka biya kuɗin abin da kake samu kyauta a ɗaki. Ni dai shawarata ka je, domin abin da za ka gani a can ba shi ake nuna maka a gida ba.

Na talabijin gyararre ne. In ɗan wasa ya manta magana sai a yanke a sake ɗauka, in barkwancin bai ci ba a cire shi, kyamara kuma ta matso maka da fuskarsa har ka ga yadda yake murguɗa baki. A dandali babu mai ceton kowa. A wasan da na kalla a nan Garwa, wani ya fito a matsayin jandarma mai tare hanya, gashin bakin da ya manna ya faɗi tsakiyar wasa. Abokinsa ya tsugunna ya ɗauka, ya ce ai wannan ma sai an nuna takardarsa. Shi kansa jandarman dariya ta ci ƙarfinsa, sai da ya juya mana baya. Wallahi wannan wurin ya fi duk abin da suka shirya daɗi.

Ko shirin barkwancin nan Parlement du rire na tashar Canal+, wanda Mamane ɗan Nijar yake jagoranta tare da Gohou da Digbeu Cravate da 'yarmu ta Kamaru Charlotte Ntamack, a gaban 'yan kallo ake ɗaukarsa a Abijan. Ka lura yadda suke dakatawa sai dariya ta lafa sannan su ci gaba. Jama'a ne ke ja musu linzami.

Sai batun harshe, wanda a ganina shi ne babban dalilin zuwa. A talabijin Faransanci suke yi don na Duwala da na Yawunde su ji. Da sun hau dandali a arewa, masu wayon cikinsu sukan tsoma Fulatanci, su jefa Hausa, su taɓo zafin Garwa na watan Maris da yawon masu mashin. Wanda bai yi wannan aikin ba, ya zo ya maimaita na talabijin kalma da kalma, tun kafin rabin wasa za ka ga mutane sun koma kan wayoyinsu.

Akwai wahala fa, kar in ɓoye maka. Ba a cika farawa a kan lokaci ba, don haka ka yi sallar Isha'i kafin ka shiga. Mu an ɗauke mana wuta, muka zauna jiran janareta, lasifika kuma tana ta ƙara, na baya ba su ji rabin maganar ba. Ka nemi kujerar tsakiya. Layin gaba na masu ƙarfin hali ne, nan suke zaɓar wanda za su tsokana, ko hularka ko tumbinka. In da iyali za ka je, ka fara tambayar masu sayar da tikiti irin wasan, don bakin wasu yakan saki in babu kyamarar gidan talabijin a kansu. Kuma ka yi magana da mai mashin ɗin da zai dawo da kai tun da wuri, in an tashi kowa rububin masu mashin yake.