Fankar Sabarmu Ta Hana Mu Sakat

Tambaya: Malam, sabar ofishinmu a nan Tawa, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayananmu, ta fara ƙugi kamar injin niƙa tun shigowar bazara, wani lokacin ma ta kashe kanta da azahar. Fankar zan canza? — Mai karatu daga Tawa

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin sayen fanka. Na'urar auna zafi ce ke umartar ta ta ƙara gudu, kashe kanta da sabar ke yi kuwa kariya ce don kada ta ƙone. Ni ƙurar hunturu nake zargi, na sha cire ta kamar auduga daga sabobi a Yamai. Kashe sabar, zare wayoyin wuta, ka hure cikinta da busasshiyar iska, kana riƙe da fukafukan fankar kada su juya.

Iska ta gaba take shiga, ta fita ta baya, saboda haka janye sabar daga jikin bango. Ɗakin sabar yana son zafin digiri 18 zuwa 27, alhali Tawa a Afrilu tana haura 40.

In ƙugin bai lafa ba, duba ko fanka ɗaya ta tsaya, domin sauran fankokin kan ƙara gudu su ɗauki nauyinta. Murfin da bai rufu sosai ba ma yakan jawo haka.