Ya ce in ba shi dubu biyar ya fitar min da lamunin NELFUND

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a jami'a. Wani a rukunin WhatsApp na sashenmu ya ce yana da hanya a NELFUND, hukumar gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai lamunin karatu. Wai in tura masa naira 5,000 da BVN ɗina, in kuma karanto masa lambar da za ta shigo min a waya, kuɗina su fito cikin mako guda. Ƙawata ta riga ta tura. Ni ma in tura?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ko sisi kada ki tura, damfara ce.

Tun da aka buɗe shafin NELFUND a watan Mayun 2024, neman lamunin kyauta ne, ɗalibi da kansa yake cikewa a shafin hukumar mai ƙarewa da .gov.ng. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biyan jami'a, naira 20,000 na kashewa duk wata su ke shiga asusun ɗalibi. To ina gurbin ɗan tsakani a nan?

Ni ba dubu biyar ɗin ce ta fi tayar min da hankali ba, lambar nan ce. Idan OTP ce ta banki, wato lambar da banki ke turowa don tabbatar da fitar da kuɗi, kin miƙa masa makullin asusunki, kafin ki ajiye waya ya kwashe abin da ke ciki, har da kuɗin rajistar da Baba ya sha wahala ya haɗa. Idan kuwa lamba shida ce ta WhatsApp, sai ya ƙwace miki WhatsApp ɗin, ya bi yayyenki da ƙawayenki ɗaya bayan ɗaya da hotonki da sunanki yana cewa kina asibiti, a taimaka a turo. Shi ya sa nake zargin wanda ya yi maganar a rukuninku ma wataƙila ba shi ba ne, nasa aka ƙwace. Ki kira shi ki ji muryarsa.

Ƙawarki kuma kada kunya ta sa ta yi shiru, manya masu digiri ma an yi musu. Yau ɗin nan ta kira lambar da ke bayan katinta na ATM a rufe asusun, ta canza lambar sirri, ta adana hoton hirarsu da shaidar tura kuɗin, ta kai wa bankinta da EFCC. Ku duka ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp.

Idan lamunin naki ne ya yi jinkiri, ofishin kula da harkokin ɗalibai za ki je, a duba ko makaranta ta tura bayananki daidai.