Jan ƙahon da mutanen Napoli ke ratayawa

Kawu, abin nan ja mai kama da barkono da ka tambaya a kai, layar mutanen kudancin Italiya ce, musamman Napoli. Korno suke ce masa, kuma maganin malokkiyo ne, wato idon mai hassada da suke ganin yana karya kasuwa ko ya ramar da jariri. Kusan abin da muke kira kambun baka.

Sharuɗɗansa ne suka fi shi kansa muhimmanci. Ba ka saya wa kanka, sai dai a ba ka kyauta, kuma ya zama aikin hannu ne. Tsofaffinsu suna neman abu huɗu a jikinsa: tauri, rami a ciki, lanƙwasa, da tsini. Mai bayarwa zai sa ka buɗe tafin hannun hagu ya ɗan soka maka tsinin, daga nan ne suke cewa ya fara aiki. In ya karye ba a liƙe shi da gam. A wurinsu ya tare mugun abu ke nan, sai a jira wani ya kawo sabo.

Na ƙwarai da jan murjani ake yi, galibi a garin Tore del Gireko da ke gindin dutsen Besubiyo. Wajen saye ne baƙo ke shan cuta, domin da yawan na kan titin San Giregoriyo Armeno da ke cikin Napoli roba ce ko tangaran, wani kuma farin murjani ne aka rina. Na asali yana da nauyi da sanyi a hannu. Na rini kuwa, in ka goga masa auduga da ruwan cire jan farce, jan zai biyo audugar. Kada a gwada da ruwan lemon tsami, yana cin murjanin. Turare da zufa ma suna dusashe shi.

Jarirai nasu daban ne. Da can ana rataya musu cimaruta, reshen azurfa mai rassa uku ɗauke da wata da mabuɗi da hannu. A tsibirin Sardiniya baƙin dutse mai zagaye ake maƙalawa a rigar yaro.

Mu Musulmin da ke zaune a nan Italiya ba ma ratayawa, azkar ɗinmu ta ishe mu. Amma maƙwabciya kan kawo shi ranar suna da zuciya ɗaya, sai a karɓa a yi godiya a ajiye a aljihun tebur. Mayar mata da shi cin fuska ne. Abin da muke gargaɗin sabon zuwa a kai shi ne alamar ƙaho ta hannu, manuniya da ƙaramin yatsa a miƙe. Ƙasa ake nunawa don korar sharri. Ka ɗaga ta sama ka nuna magidanci, ka ce masa matarsa na bin maza ke nan, kuma faɗa ne zai biyo baya.